Yadda Ake Tsara Jairoskof Na Silikon Mai Kaɗawa, Daga Lissafin Farko Zuwa Teburin Gwaji

Jairoskof, wato na'urar auna saurin juyi, wanda ke cikin wayar hannu, da wanda ke sa jirgi marar matuƙi ya tsaya cak a sama, da wanda ke gaya wa kwamfutar mota cewa bayanta ya fara zamewa a kwana, duk babu abin da ke juyawa a cikinsu. Wani ɗan guntun silikon ne da faɗinsa bai kai milimita ɗaya ba, an rataye shi a kan siraran sanduna, yana kai da komo sau dubbai a daƙiƙa guda. Idan aka juya na'urar yana tsakar wannan kaɗawa, sai wani ƙarfi ya ture shi gefe, kuma girman turin shi ne ma'aunin juyin. Wannan shi ne ƙarfin Coriolis, wanda Bafaranshe Gaspard-Gustave de Coriolis ya yi bayaninsa a 1835. Lissafinsa gajere ne: F = 2·m·v·Ω, wato nauyi m, da gudun kaɗawa v, da saurin juyi Ω.

Ɗakin bincike na Draper a Amurka ne ya fara nuna irinsa na silikon a 1991, ya biyo da mai yatsu biyu a 1993. Bosch ta Jamus ta fara ƙera shi da yawa domin motoci a 1998, daga nan ya shiga wayoyi gadan-gadan bayan iPhone 4 a 2010. Ƙa'idar dai ba ta sauya ba tun lokacin. Abin da ke raba zane mai kyau da na banza shi ne yadda aka iya ware ɗan mitsitsin motsin Coriolis daga sauran motsin da ya ninka shi sau ɗaruruwa. Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: jairoskof mai yatsu biyu da ke auna juyi a kan layin da ya tsaya tsaye a kan faifan silikon.

Mataki na 1: Rubuta abin da ake buƙata kafin ka zana komai

Masu sana'ar sun raba jairoskof gida uku bisa yadda karatun sifilinsa ke zamewa. Na yau da kullum, irin na waya da mota, yana zamewa digiri 10 zuwa 1000 a awa. Na tsakiya yana tsakanin 0.1 da 10. Na tuƙin jirgi ba tare da taimakon tauraron ɗan'adam ba sai ya sauka ƙasa da 0.01. Ka san gidan da kake nufa, sannan ka rubuta abu biyar a takarda: iyakar juyin da zai auna, faɗin zangon amsarsa (wato saurin sauyin juyin da zai iya bi), hayaniyar da za a lamunta, zafi da sanyin da zai yi aiki a ciki, da girgizar da zai jure.

A misalinmu muna son digiri 300 a daƙiƙa ta kowane ɓangare, faɗin zango haz 50 (haz shi ne adadin kaɗawa a daƙiƙa), hayaniya ƙasa da digiri 0.005 a daƙiƙa a kowane tushen haz, da aiki daga -40 zuwa 85 a ma'aunin Selshiyos. Wannan hayaniyar ita ce ta jairoskof ɗin kasuwa MPU-6050, wanda ɗaliban injiniya da yawa suka saba haɗawa da ƙaramin allon kwamfuta na Arduino, don haka akwai abin kwatantawa a hannu. Kada ka raina faɗin zango. Shi ne zai yanke maka hukuncin da ya fi kowanne nauyi a mataki na shida.

Mataki na 2: Masana'anta ce ke da maganar farko

Ba ka zana abin da kake so, kana zana abin da za a iya sassaƙawa. Ka fara samo littafin ƙa'idojin masana'antar: kaurin silikon, mafi ƙanƙantar tazara tsakanin bango biyu, yawan faɗin da sassaƙa ke cinyewa, da ko za a rufe na'urar a wurin da aka zuƙe iska. Kusan kowa yanzu yana amfani da sassaƙa mai zurfi da Franz Laermer da Andrea Schilp suka ƙirƙiro a Bosch a farkon shekarun 1990, wadda ke maimaita cin silikon da shafe bango har a sami rami mai zurfi da bango a tsaye. Wanda ba shi da ɗakin ƙira na kansa yakan sayi gurbi a faifan haɗaka, irin su SOIMUMPs, inda mutane da yawa ke raba faifai ɗaya da kuɗinsa.

Mu mun ɗauki kauri maikiromita 50 da tazara maikiromita 2. Sai ka lura da abu guda: taurin silikon ya danganta da inda sanda ta fuskanta a cikin ƙanƙararsa. Lambobin cikin baka suna nuna fuskokin ƙanƙarar: a kan faifai nau'in (100), gigafaskal 169 ne ta fuskar <110>, amma 130 ta fuskar <100>. Wanda ya sa lamba ɗaya a kwamfuta ba tare da ya duba fuskar zanensa ba zai iya kuskure saurin kaɗawa da fiye da kashi 10 cikin ɗari tun bai fara ba.

Mataki na 3: Zaɓi siffa

Nauyi ɗaya tilo ya fi sauƙin zane, amma ba ya bambanta juyi da gargada. Duk abin da ya girgiza shi gefe, zai ce juyi ne. Shi ya sa ake yin nauyi biyu masu kaɗawa a kishiyar juna: ƙarfin Coriolis yana tura ɗaya arewa ɗaya kudu, girgiza kuwa tana tura su wuri ɗaya, sai a debe karatun ɗaya daga ɗaya girgizar ta ɓace. Akwai kuma zobe mai kaɗawa, irin wanda Silicon Sensing ke ƙerawa, da mai nauyi huɗu da aka yi ta bincikensa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. Waɗannan sun fi kyau ta wasu fuskoki, sun kuma fi wuya. Don zanen farko, mai yatsu biyu ya isa.

Ka raba motsin tuƙi da motsin ji da firam. Firam na waje yana tafiya gabas da yamma kawai, shi ke ɗauke da haƙoran tuƙi. Nauyin ciki yana bin sa, amma yana da damar motsa arewa da kudu. In akwai wuri, ka ƙara firam na uku mai ɗauke da farantan ji, wanda ba ya bin kaɗawar tuƙi ko kaɗan. Yana cin fili, kuma yana rage nauyin da ke aiki, amma ni dai ban ga dalilin yin tsimi a nan ba.

Sannan ka haɗa yatsun biyu da sifirin ko madogara mai tilasta musu kishiyantar juna. In ba haka ba kowanne zai bi nasa saurin kaɗawa, tunda babu nauyi biyu da ke fitowa daidai wa daida daga masana'anta.

Mataki na 4: Nauyi, sifirin da saurin kaɗawa

Nauyi mai faɗi 600 da tsawo 600 da kauri 50, duka a maikiromita, idan ka ninka da kilogiram 2330 a kowace mita kubik, wato nauyin silikon, zai ba ka maikirogiram 42. Ramukan da ake hudawa a jikinsa za su ci kaɗan, mu ce 40.

Saurin kaɗawa kuwa ciniki ne. In ya yi ƙasa, motsin ji yana girma, amma ƙarar injin da girgizar hanya suna shiga. Masu bincike a Koriya ta Kudu sun nuna a 2015 cewa ana iya kayar da jirgi marar matuƙi da ƙarar lasifika in ta dace da kaɗawar jairoskof ɗinsa. Don haka aka fi zama a kilohaz 20 zuwa 30, gefen abin da kunne ke ji. MPU-6050 yana kaɗawa a wajen kilohaz 33, 30 da 27 a layukansa uku. Mu mun ɗauki 20.

Daga k = m·ω², inda k tauri ne, f saurin kaɗawa, ω = 2π·f, taurin da ake buƙata niyuton 630 ne a mita. Sanda guda da aka kafe bakinta biyu tana da tauri E·t·w³/L³, inda E taurin silikon ne, t kauri, w faɗin sanda, L tsawonta. Da sifirin huɗu masu ninki, kowanne sanda biyu a jere, faɗin sanda maikiromita 5, tsawon da ya fito shi ne kusan 150. Ka yi amfani da masu ninki ko da sun ci wuri. Miƙaƙƙiyar sanda tana ƙara tauri idan ta lanƙwasa da yawa, sai saurin kaɗawa ya riƙa bin nisan kaɗawa, abin da zai wahalar da kai daga baya.

Yanzu dubi w³ ɗin nan da kyau. In sassaƙa ta cinye maikiromita 0.1 kacal daga faɗin sandar, kashi 2 cikin ɗari ke nan, tauri ya ragu da kashi 6, saurin kaɗawa da kashi 3, wato haz 600. Ba za ka iya hana wannan ba. Abin da za ka iya shi ne ka yi sandunan tuƙi da na ji da faɗi ɗaya, ka bambanta su ta tsawo kawai, domin duk abin da sassaƙa ta yi wa ɗaya ta yi wa ɗayan, su sauka tare su hau tare. Ka kuma sa bangon kariya a gefen kowace sanda da tazara iri ɗaya, saboda sassaƙa ba ta cin buɗaɗɗen fili da matsattsen lungu daidai. A nisan kaɗawa na maikiromita 5, damuwar da ke gindin sanda kusan megafaskal 280 ce, wadda silikon ke ɗauka lafiya, matuƙar ka zagaye kusurwoyin gindin ba ka bar su da kaifi ba.

Mataki na 5: Tuƙi

Haƙoran mataji masu shiga juna, waɗanda William Tang da abokan aikinsa suka gabatar a Berkeley a 1989, su ne abin tuƙin. Amfaninsu shi ne ƙarfinsu bai damu da nisan da haƙori ya shiga ba. Idan ana turawa daga ɓangarori biyu, F = 4·N·ε·t·V·v/g, inda N yawan haƙora ne, ε lambar dindindin ta lantarki, g tazara, V wutar tsaye, v kuma a nan wuta mai kaɗawa. A daidai saurin kaɗawar asali, ƙarfin da ake buƙata k·x/Q ne, inda x nisan kaɗawa ne, Q kuma ma'aunin ƙarancin asarar kuzari: yawansa, daɗewar kaɗawa kafin ta mutu. Da Q na 10,000 da haƙora 50 a kowane ɓangare, bolt 10 na tsaye da 0.7 mai kaɗawa sun isa a kai maikiromita 5. A buɗaɗɗiyar iska, inda Q zai iya faɗowa zuwa ɗari, sai ka nemi ninki ɗari na wannan.

Da'irar tuƙi aiki biyu gare ta: ta riƙe na'urar a kan saurin kaɗawarta duk inda zafi ya kai shi, ta kuma riƙe nisan kaɗawa kada ya motsa. Don haka ka ware wasu haƙora domin karanta motsin tuƙi. Duk kashi ɗaya da gudun kaɗawa ya sauya, ma'aunin na'urar ya sauya da kashi ɗaya.

Mataki na 6: Tazara tsakanin kaɗawar tuƙi da ta ji

Nan ne zuciyar zanen. A nisan maikiromita 5 da kilohaz 20, gudun nauyin mita 0.63 ne a daƙiƙa. Juyin digiri 1 a daƙiƙa zai haifar da ƙarfin da bai kai nanoniyuton ɗaya ba. Nisan da wannan ƙarfi zai motsa nauyin ya danganta ne da kusancin saurin kaɗawar ji da na tuƙi.

In ka bar tazarar haz 500 tsakaninsu, motsin ji kusan Ω·x/Δω ne (Δω ita ce tazarar, an ninka ta da 2π), wato fikomita 28. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra biyu na silikon fikomita 235 ce, ka ga abin da ake nema a auna. In kuwa ka daidaita su cif, motsin ya zama 2·Ω·x·Q/ω, nanomita 14, ninki 500 ke nan. Kowa ya ga wannan lamba sai ransa ya biya.

Amma ka duba farashin. Faɗin zangon na'urar da aka daidaita f/(2Q) ne, haz 1 kacal a misalinmu, alhali mun rubuta 50 a mataki na farko. Kuma in tazarar ta goce da haz ɗaya, girman amsa da lokacinta duk sun birkice. Ana yin sa, kuma mafi kyawun sakamakon da aka samu a jami'o'i kamar Georgia Tech ta wannan hanya aka same su, amma sai da da'ira mai daidaita saurin kaɗawa a kowane lokaci, da wata mai mayar da nauyin tsakiya da ƙarfin lantarki, a karanta juyin daga ƙarfin da aka yi amfani da shi. Kusan duk jairoskof ɗin da ke kasuwar waya da mota masu tazara ne, kuma ba don masu ƙera su ba su san lissafin ba. Na'ura mai tazara ba ta damu da Q na ji ya hau ko ya sauka ba, kuma amsarta ba ta rawa.

Shawarata ita ce tazarar kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari na saurin tuƙi, kuma ta ninka faɗin zangon da kake so sau da yawa. Haz 500 ya yi mana. Zafi ba zai dame ta sosai ba: saurin kaɗawar silikon yana raguwa da kusan kashi 30 cikin miliyan a kowane digiri, haz 75 a duk faɗin zafinmu, amma duka biyun tare suke sauka, tazarar ba za ta motsa fiye da haz 2 ba. Abin da ke motsa ta da gaske shi ne matsin da kwanson na'urar ke yi wa turakun da silikon ke tsaye a kai. Ka tattara turakun kusa da juna a tsakiya, yadda in ƙasa ta lanƙwasa ba za ta ja sanduna ba.

Mataki na 7: Farantan ji, da tarkon da ke cikinsu

Domin ji, farantai masu fuskantar juna da tazara mai sauyawa sun fi mataji amsa: ΔC = C·y/g, inda C yawan cajin da farantan ke iya riƙewa ne, ΔC sauyinsa, y motsin ji. Da fikofarad 1 a kowane ɓangare da tazara maikiromita 2, fikomita 28 na ba da atofarad 14 a gefe guda, 28 in an debe na biyu daga na farko. Ƙarami ne, amma ba abin tsoro ba. Jairoskof ADXRS150 na kamfanin Analog Devices, wanda ya fito a 2002, yana iya bambanta sauyin da ya yi ƙasa da wannan sau dubu.

Tarkon shi ne wutar da ke kan farantan tana sassauta sifirin. Kowane ɓangare yana rage C·V²/g² daga taurin. A bolt 10, ɓangarorin biyu sun cinye niyuton 50 a mita, kusan haz 800 ke nan, fiye da tazarar gaba ɗaya. Wanda ya zana ji a kilohaz 20.5 ya manta da wannan, zai kunna wuta ya tarar ji ya faɗo ƙasa da tuƙi. Ka zana shi a wajen 21.3 domin ya sauko 20.5. Wannan sassautawa kuma ita ce makullin gyara: ka ware wasu farantai domin daidaita tazarar bayan an ƙera. Tunda wuta ragewa kawai take yi, kullum ka zana ji a sama. Ka kuma sa 'yan tokare da za su tare nauyin kafin farantai su haɗu idan na'urar ta faɗi ƙasa, don in suka manne shi ke nan.

Mataki na 8: Kwadaraca

Duk wanda ya taɓa kunna jairoskof sabon fitowa ya san wannan: na'ura tana ajiye a tebur, amma alamar da ke fitowa daga farantan ji ta cika amfilifaya taf. Dalili shi ne bangon sanda bai taɓa fitowa a tsaye cif ba, faɗin sanduna huɗun kuma bai taɓa zama ɗaya ba. Sai motsin tuƙi ya ɗan karkace, wani yanki nasa ya zuba cikin hanyar ji, abin da ake kira kwadaraca. Girmansa in aka mayar da shi juyi shi ne (kxy/k)·ω/2, inda kxy shi ne taurin da ya ratsa daga hanyar tuƙi zuwa ta ji. In taurin da ya ratsa tsakanin hanyoyin biyu kashi ɗaya ne cikin 10,000 na taurin asali, abin da ido ba zai gani ba ko a madubin ƙara girma, kwadaraca ta kai digiri 360 a daƙiƙa. Ta fi duk iyakar da muka ce za mu auna.

Abin da ya cece mu shi ne lokaci. Ka tuna yaro a kan lilo: gudunsa ya fi yawa a tsakiya, nisansa ya fi yawa a ƙarshen kowane ɓangare inda yake tsayawa cak. Coriolis gudu yake bi, kwadaraca nisa take bi, don haka rubu'in zagaye ne tsakaninsu, digiri 90. Idan aka ninka alamar ji da alamar da ke tafiya tare da gudun tuƙi aka tace, Coriolis kaɗai ya saura, kwadaraca ta fita.

Haka yake a takarda. A zahiri agogon tacewar bai taɓa zama daidai ba. Kuskuren digiri 1 a lokaci zai bar digiri 6.3 a daƙiƙa ya malalo cikin karatu. Kuskuren 0.1 zai bar 0.63 a daƙiƙa, fiye da digiri 2000 a awa. Da a ce wannan malala a tsaye take, sai a auna ta sau ɗaya a debe. Matsalar ita ce jinkirin amfilifaya yana bin zafi, kwadaraca kanta tana bin matsin kwanso. Mafi yawan zamewar sifilin da ake kuka da ita daga nan take fitowa, ba daga hayaniya ba.

Maganin hawa uku ne, kuma ka bi su a jere. Na farko a zane: daidaito ta ko'ina, sanduna masu ɗan kauri maimakon sirara ƙwarai tunda kuskuren sassaƙa ya fi tasiri a kan siririya, da firam ɗin raba motsi da muka ambata. Na biyu a kan silikon: farantai na musamman da yankin haɗuwarsu ke sauyawa da motsin tuƙi, yadda wutar tsaye a kansu ke haifar da ƙarfin gefe mai bin nisa, daidai kishiyar kwadaraca. Clark da Howe da Horowitz sun nuna wannan dabara a Berkeley a 1996, kuma har yanzu ita ce ta fi tsafta, domin tana kashe motsin kansa tun bai zama alama ba. Ka ba su ƙarfin soke ninki biyu na mafi munin abin da kake tsammani, ka kuma rufe su a da'irar da ke riƙe kwadaraca a sifili kullum. Na uku a lantarki: a zuba cajin kishiya a bakin amfilifaya. Wannan yana hana cikawa, amma nauyin yana nan yana motsinsa.

Akwai kuma ƙanwar wannan matsala, wadda ta fi ta wayo: wutar tuƙi da ke tsallakawa kai tsaye zuwa wayoyin ji ta kafasitar da ba a gayyata ba. Tana iya zuwa a lokaci ɗaya da Coriolis, tacewa ba ta ganin ta. Ka nisanta wayoyin tuƙi da na ji, ka sa layin ƙasa tsakaninsu, ka yi su biyu-biyu masu tsawo ɗaya.

Mataki na 9: Iska da hayaniya

Ƙwayoyin iska da ke bugun nauyin suna haifar da hayaniyar ƙarfi mai girman tushen 4·kB·T·m·ω/Q, inda kB lambar dindindin ta Boltzmann ce, T kuma zafi. A misalinmu wannan yana daidai da kusan digiri 0.0001 a daƙiƙa a kowane tushen haz. Amfilifaya mai iya bambanta atofarad 0.1 kuwa zai ba da wajen 0.0036. Wato lantarki ne ke da rinjaye nesa ba kusa ba, kuma ƙara zuƙe iska ba zai gyara komai ba. Abin da zai gyara shi ne ƙara nisan kaɗawa, ƙara wutar farantai, matse tazara, ko rage kafasitar wayoyin da ke tsakanin silikon da amfilifaya. Ka san wace hayaniya ce ke mulki kafin ka kashe kuɗi a kan ɗayar.

Idan kana neman Q mai girma don na'urar da aka daidaita, bayan iska akwai asara biyu: zafin da lanƙwasawa ke haifarwa a cikin sanda, wanda Clarence Zener ya yi lissafinsa a 1937, da kuzarin da ke zurarewa ta turaku. Daidaiton yatsu biyu yana rage na biyun. A cikin kwanso kuma akan sa wani siririn ƙarfe mai shanye ragowar iskar da bango ke fitarwa da shekaru.

Mataki na 10: Gwajin kwamfuta da gyaran lambobi

Sai yanzu ka buɗe manhajar kwaikwayo irin su COMSOL ko ANSYS ko MEMS+. Lissafin hannu ya riga ya gaya maka abin da ya kamata ka gani, in sun saɓa da fiye da kashi 10 ka nemo dalili kafin ka ci gaba. Ka fitar da siffofin kaɗawa goma sha biyar na farko aƙalla. Wadda yatsu biyu ke tafiya wuri ɗaya a cikinta, wadda girgiza ke tayarwa, ka nisanta ta da tuƙi da ji da kashi 10 zuwa 20. Ka duba kada wata ta zauna a kan ninki biyu ko uku na saurin tuƙi. Ragar lissafin ma ta zama daidai a ɓangarorin biyu, in ba haka ba kwamfuta za ta ƙirƙiro maka kwadaracar ƙarya.

Daga nan ka rage na'urar zuwa 'yan lissafai ka haɗa ta da da'irorinta a manhajar Simulink. Wajen gyaran lambobi, mutane sukan ce wa kwamfuta ta nemo mafi girman amsa. Za ta nemo, ta hanyar siranta sanduna da matse tazara, ta ba ka zanen da guda ɗaya cikin goma zai yi aiki. Ka ba ta wani buri: mafi ƙarancin hayaniya, da sharaɗin cewa tazara, damuwar sanda, faɗin fili da wutar soke kwadaraca duk su tsaya cikin iyaka ko da faɗin sanda ya sauya da 0.2, kauri da maikiromita 1, bango ya karkata kaɗan. Ka gudanar da gwaji ɗaruruwa da kurakurai iri-iri da aka zaɓo ba tsari, ka ƙirga nawa suka tsallake. Wannan adadi shi ne makin zanen. A kan faifan kuma ka zuba iri uku ko huɗu masu tsawon sandar ji daban-daban, da sanduna tsirara na auna abin da sassaƙa ta ci.

Mataki na 11: Teburin gwaji

Ka fara da share zangon kaɗawa ka samo saurin tuƙi da na ji, a wutar farantai daban-daban, ka ga ko sassautawar ta bi lissafi. Ka auna Q ta hanyar yanke tuƙi ka ga tsawon lokacin da kaɗawar ke ɗauka kafin ta mutu: Q = π·f·τ, inda τ shi ne lokacin da nisan kaɗawar ke ɗauka ya sauko zuwa kusan kashi 37 cikin ɗari. Ka auna kwadaraca kafin ka soke ta, ka rubuta ta kowace na'ura da wurin da ta fito a kan faifai, domin sau da yawa tana ƙaruwa daga tsakiya zuwa gefe, kuma wannan labari ne da masana'anta ke buƙata.

Sannan teburin juyi, domin ma'auni da miƙewarsa, a zafi daban-daban. Sannan ka ajiye na'urar a wurin da ba motsi na awoyi da yawa, ka zana jadawalin Allan, mai nuna yadda rawar karatu ke sauyawa da tsawon lokacin da aka ɗauki matsakaici, hanyar da David Allan ya kawo a 1966 domin agogon zarra. Inda layin ke gangarowa da rabi, hayaniya ce, ana karanta ta a daƙiƙa 1. Ƙasan kwarin shi ne rashin tsayuwar sifili. Inda ya juya ya fara hawa, zafi ne da kwadaraca ke magana. Ƙa'idar IEEE 1431 ta tsara yadda ake bayyana waɗannan ga jairoskof masu kaɗawa. Ka dai tuna ƙasan kwarin a ɗaki mai sanyaya ake samun sa. Lambar da mai saye zai rayu da ita ita ce zamewar sifili daga -40 zuwa 85, kuma wannan sai a akwatin zafi, a hau a sauko, a ga ko layin dawowa ya bi na tafiya. Saurin kaɗawar tuƙi kansa ma'aunin zafi ne mai kyau domin gyaran, tunda a jikin silikon ɗin yake.

Gwaji na ƙarshe ba ya buƙatar teburin juyi. Duniya tana juyawa digiri 15 a awa. A Kano, wadda ke wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kusan 3 ne kawai ke kan layin tsaye, 14.7 kuma suna kwance suna fuskantar arewa. Don haka ka kwantar da layin jin na'urar, ka fuskantar da shi arewa ka ɗauki matsakaicin karatu na 'yan mintuna, ka juya shi kudu ka sake, ka maimaita sau da yawa. Bambancin ya kamata ya kusanci digiri 29 a awa, gabas da yamma kuwa su ba da sifili. Juyawar tana soke karatun sifili na dindindin, amma ba ta soke tasirin nauyin ƙasa in na'urar ta karkata, don haka ka daidaita teburin da ma'aunin ruwa kafin ka fara.